Sunan da Ya Ƙi Fita

Shekarar da rijiyar bakin kasuwa ta rufta ne, ba ruftawar farko ba, ta biyun, wadda ta tafi da gugan mai ƙosai. Na yaye autata da kaka, geron Dawce ya yi kyau har ana neman inda za a zuba shi, salula kuwa ba ta iso Matameye ba tukuna, in kana son mutum sai ka taka ka same shi. To a shekarar nan aka yi shela cewa za a zaɓi 'yan tiyatir, wato masu wasan kwaikwayo, da mawaƙa, waɗanda za su zaga da wasa duk rani, Kance, Dawce, Kurni, a ƙare a Damagaram gaban manya.

Ni tun ba a tambaye ni ba na san da ni za a yi. Ban taɓa zama a bencin lakwal, makarantar boko, ba, amma in na ɗauko labari a wurin surfe, taɓare tsayawa suke yi. Maigida yana ɗaure kayan tafiya cirani Kano na nemi izninsa. Ya ce, "Je ki. In suka ɗauke ki, kunnuwan unguwa sun huta." Ya hau mota. Kafin motar nan ta kai iyaka na gama gaya wa matan unguwa cewa ni ce babbar mace a wasan. Har zane na yanka, na kai ɗinki. Ku riƙe wannan, don shi ya sa ba ni da hanyar komawa gida hannu biyu.

Washegarin kasuwa da hantsi muka taru a gidan matasa, ƙarƙashin dogon yaro. Mai zaɓen wani malamin lakwal ne ɗan Damagaram, siriri, mai haƙuri, Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. In yana son a fara sai ya tafa, in yana son a tsaya sai ya tafa, sai ka duba fuskarsa ka gane wanne yake nufi. Shi ya ba mu labarin da baki: mutum ya tafi cirani, ya yi rani guda, ya dawo ba gero ba zane, sai rediyo babu pil, wato batir, a ciki, ko tari ba ya yi. Matarsa ta tare shi a ƙofa.

Mijin wasa ba a wahala ba. Telan bakin tasha ya shigo da tafiyarsa ta kullum, kafaɗa ɗaya sama, kamar wanda ya sayi Kano ya bar ta ajiya. Mushe ya tafa, aka ba shi. 'Yan mata masu amshi ma an tace su, wani tsoho mai kalangu ne ya tace, wanda ya shirya waƙar wasan. Duk wadda ta rera, sai ya karkata kai ya ce, "Muryarki na da kyau, 'yata, ki kai ta gida ki adana." Waɗanda bai ce wa komai ba su aka ɗauka.

Sai aka zo kan matar. Mun fi kowa yawa, mun cika tabarma. Mushe ya ce, "Matar nan ita ke ɗaga waƙa. Za ta kira mijinta da sunansa, kalangu ya kama, 'yan amshi su amsa." Sai ya faɗi sunan.

Na ji kamar an kwara mini ruwan randa a baya. Sunan maigidana ne.

Tun da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba. Ko ɗan maƙwabta da aka raɗa wa shi, "mai sunan Malam" nake ce masa. Kuma ba ni kaɗai ba. Suna ne da kowane gida ke da nasa. Wannan ta miƙe, na surukinta ne. Waccan ta ja mayafi, na ɗanta na fari ne. Kafin ka ce me, tabarma ta zama fili, saura ni da taubashiyata, 'yar kawuna, wadda tun muna yara ba ta da aikin da ya wuce tsokanata. Ita ko akuya ba ta da mai wannan suna. Ta dube ni, ta faɗe shi a hankali, ta sake faɗa, tana tsotsa kamar alewa.

Na matsa wajen Mushe na ce a sauya. Ya ce, "Yaya, ni ba ni da ta cewa. Tsohuwata ma ba ta kama shi. Ga mai waƙar can."

Na durƙusa gaban tsohon. "Baba, sunaye sun ƙare ne a duniya?"

"Ba su ƙare ba. Amma kowane baiti a kan wannan yake sauka. In kika zare shi, waƙa ta zube."

"To ni yaya zan yi?"

"Ki sauya miji, ya fi sauƙi."

Taubashiyata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ita aka fara gwadawa. Tela ya shigo rungume da bulo a matsayin rediyo, ita kuwa ta buɗe maƙogwaro ta rangaɗa sunan. Gaskiya murya akwai, irin ta ƙofar langa-langa. Wani mai amalanke da ke wucewa a titi ya amsa, "Na'am!" ya leƙo yana tambayar wa ke nemansa. Amma da tela ya ce, "Uwargida, na dawo, ga tsaraba," sai ta tsaya tana kallonsa. Ta sake kiran sunan. Ya ce, "Ai ga ni." Ta sake kira. Mushe ya sosa ƙeya, ya tafa.

Duk da haka na ga idonsa a kanta yake. Waƙa ta tashi a bakinta, ni kuwa ba a san ko za ta tashi ba. Na tuna zanen da ke wurin ɗinki, na tuna matan unguwa da za su tare ni da "Sannu da dawowa daga Damagaram." Na ce wa raina, wasa ne, Kano da nisa, ba mai kai masa. Zan faɗa sau ɗaya in tuba.

Mushe ya tafa. Tela ya shigo da bulonsa. Tsoho ya ɗaga makaɗi yana jira. Na buɗe baki, sunan ya taso tun daga ciki, ya zo daidai haƙora, ya zauna. Na tura shi, ya ƙi. Wuri ya yi tsit, har ana jin ƙuda.

Daga gefe taubashiyata ta ce, "Faɗi mana, 'yar gwaggo! Ba ya cizo!"

Haushinta ne ya kwance mini harshe. Na juya kan tela na ce, "Kai, mai rediyo! Kai nake nufi, uban yaran nan da suka manta kamanninka!" Na ja numfashi daidai inda sunan ya kamata ya faɗo, sai ita, don ta ƙular da ni, ta jefo shi da ƙarfi. Hannun tsoho bai san wa ya faɗa ba, kalangu ya kama, 'yan amshi suka amsa. Na ce, "Wanda ya tafi da alkawarin buhu ya dawo da akwatin surutu, shi ma bebe!" Ta sake jefowa. "Ɗan surukata, mai hular aro, zo ka murɗa mana shi mu ji ko zai ƙoshi yara!" Ta jefo. Tela ya rasa inda zai sa bulo. Matan da suka tashi ɗazu ashe ba su tafi ba, suna bakin ƙofa, wata har ta zauna a ƙasa don dariya, don kowacce ta san abin da ya maƙale mini.

Mushe ya tafa. Na duba fuskarsa ban gane komai ba. Na ɗauki mayafina.

Ya ce, "Ina za ki? Ku sake, kamar yadda kuka yi. Yaya, ke ce matar. Ke kuma maƙwabciya ce mai leƙe ta katanga."

Taubashiyata ta ce, "Mushe, ai babu maƙwabciya a wasan."

"Yanzu akwai."

Tsoho ya yi gunaguni cewa an raba masa waƙa gida biyu, amma da ya ga sunan na sauka inda ya ajiye shi, sai ya ɗaure tsarkiya.

Haka muka yi ranin nan a bayan kamyo, babbar motar kaya, ƙura har cikin kunne. A Kurni ban ma kai ga jan numfashi ba mata suka fara dariya. A Damagaram na sa sabon zanena. Taubashiyata kuwa kalma ɗaya tal ta yi ta faɗi tun daga Kance har gida, amma tuwon tafiya daidai da nawa ta ci, har yau kuma cewa take ba don ita ba da ban ga Damagaram ba. Ni kuma ina ce mata ba don ni ba da tana can tana kiran mai amalanke.

Da hadari ya fara haɗuwa maigida ya dawo. Ashe direbobi sun kai masa labari har tashar Kano. Ya sha ruwa, ya dube ni ya ce, "An ce kin zaga gari-gari kina wanke ni."

Na ce, "Na kama sunanka?"

Ya ce, "Ba ki kama ba."

"To."

Sai ya jawo buhun gero ya ajiye, ya ɗora turmin zane a kai, sannan ya zaro rediyo daga jaka. Kafin in yi magana ya juya bayansa ya buɗe murfin. "Duba da kyau. Da pil a ciki."

Tsoho mai kalangu shi ya fara tafiya, Allah ya jiƙansa. Mushe ya bi, maigida ma ya bi, ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Tela na nan, ido ya yi rauni, amma kafaɗar ba ta sauka ba. 'Yan amshi biyu na nan, duk sun yi jikoki, ɗaya Hajiya ce yanzu, in na tuna mata sai ta ce ba ta gane zancen ba. Sai ni, sai taubashiyata. Kowace ranar kasuwa tana zuwa da sandarta, ta tsaya a ƙofar gida, ba sallama, ta rangaɗa sunan. Jikana da aka mayar wa shi, magidanci guda, ya amsa daga ciki. Ni kuma in ce, "Mai sunan Malam, buɗe wa tsohuwar nan, kada ta tara mana masu amalanke."