Sauti Uku a Yatsa Ɗaya

Tun da injin sussukar masara ya cinye mini yatsu uku na hannun hagu a garin Saji, na ɗauka ni da fiyano mun yi hannun riga. Shagon da nake haɗa wa mawaƙa kiɗa a Rano ya koma wurin hamma. Masu zuwa suka fara wucewa Kano, su ɗago mini hannu ta tagar mota.

Daga baya na gano wata dabara a manhajar kiɗan da ke kwamfutata. Za ka danne sauti uku tare sau ɗaya, ka ce ta riƙe. Daga nan duk maɓallin da ka taɓa da yatsa ɗaya, ukun ne za su fito. Raina bai so ba, kiɗan malalata ne, amma da babu gara ba daɗi. Na saita mata haɗin nan mai fara'a na waƙoƙin biki, na ci gaba da lallaɓawa da abokan ciniki biyun da suka rage mini.

Ta farko wata Hajiya ce mawaƙiya daga Kibiya. Ran nan ta zo da waƙar mahaifiyarta da ta rasu. Na sa kiɗa, ta tsaya a tsakiyar baiti.

"Malam, kiɗan nan dariya yake yi mini."

Gaskiyarta. Na mayar da sautin tsakiya maɓalli ɗaya baya, kiɗan ya yi sanyi. Ta rera, ta share hawaye, ta tafi.

Ashe wannan haɗin ba a cikin waƙa yake zama ba. Yana cikin saitin gaba ɗaya ne, mai mulkin duk waƙar da ka buɗe. Kamar rijiyar unguwa, abin da ya faɗa ciki kowa zai sha. Ni ban sani ba.

Na biyun wani direba ne daga Rurum, shi ke kawo mini duk aikin bikin 'yan tasharsu. Washegari ya zo karɓar waƙar auren ƙanensa, wadda na gama tun makon jiya. Ga zafi, ga janareta na tari, ni kuma na gaji liƙis. Na buɗe waƙar, na fitar da ita, na tura masa a waya ban saurara ba.

Ran Lahadi ya dawo, ko zama bai yi ba.

"Malam, biki na ce maka ko ta'aziyya? Mawaƙi na kiran amarya, kiɗa na kuka. Gwaggonmu sai da ta tambaya wa ya rasu."

Na buɗe baki zan yi bayani, na hango tsawon bayanin, na rufe. Kunya ta kama ni, ga gajiya a kai.

"Yi haƙuri, Alhaji. Zauna in gyara yanzu."

"An riga an kai amarya," in ji shi. Ya tayar da mota, ya kama hanyar Kano.

Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Waƙar ta dawo daidai, da fara'arta da komai. Na saurare ta ni kaɗai har ƙarshe, sannan na kashe janareta.