Ranar da Na Ƙone Mangwaron Ɗankaza

Aikin gandun renon itatuwa wahala ne, kada wani ya ruɗe ku. Ka yini a tsugune kana cusa ƙasa a leda, bayanka ya ƙage, farcenka ya cinye, kuma bishiyar da ka rena wani ne zai sha inuwarta bai ko san sunanka ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina wannan a bakin kogin Wudil, goma sha huɗu a lebura, sauran a heluma. Amma a duk shekarun nan ban sha wuya irin ta kwana huɗun da zan ba ku labari ba. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Ku sababbi da kuka tarar da rubutun ajami a jikin kwalaben sito kuna tambaya, ga asalinsa.

Bari in fara da tsarin wurin, don wanda bai sani ba. Heluma shi ne shugaban leburori, shi ke raba aiki da safe, shi ke haɗa maganin feshi. Sama da ni akwai oga, Malam Habibu, jami'in gona. Sai Isuhu mai sito, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ke karɓar kaya yana riƙe da makulli. Babban aikinmu auren mangwaro. Ka shuka ƙwallon mangwaron gida a leda, in ya yi kaurin fensir ka yanke kansa, ka ɗaura masa reshen iri mai kyau, ka naɗe. Daga shuka zuwa ranar da za ka miƙa wa manomi, fiye da shekara ne. A waccan shekarar layi shida muke da su, duk an yi wa manoman Ɗankaza da Lajawa alkawari. Damina ta zauna, mutane har sun haƙa ramuka suna jira.

Abin da ba wanda ya sani a gandun shi ne ba na karanta boko. Allo na yi. Firamare kuwa aji biyu na taka, babanmu ya mayar da ni gona. Da aka ba ni heluma ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban faɗa ba. Na koyi zana sunana a takarda, shi ke nan. Magunguna da murfi nake gane su: jan murfi na ƙwari, koren murfi na ciyawa. Shekara shida ina haka ban taɓa kuskure ba, har na ɗauka dabarata ta isa.

Saura kwana uku a shiga sabuwar shekarar Musulunci, oga ya zagaya ya ga tsutsa na cin sabon toho. Ya ce, "Malam Sale, a yi wa mangwaron nan feshin ƙwari yau, kafin su tafi hannun mutane." Isuhu ya tafi sunan ɗan ƙanensa, ya bar mini makulli. Na buɗe sito na tarar da sababbin kwalaye, ashe na wani kamfani ne dabam. Na ɗauki mai jan murfi.

Ga inda laifina yake, ba zan ɓoye ba. Da na buɗe kwalbar, hancina ya gaya mini warin ba shi ba ne. Tanko lebura yana tsaye kusa da ni riƙe da bokiti, mutumin da ya gama sakandare. In miƙa masa in ce karanta mini, shi ke nan an wuce wurin. Sai na ji nauyin a ce heluma bai iya karatu ba. Na tsiyaya a injin feshi, na goya, na bi layi huɗu da hannuna har kwalbar ta ƙare.

Washegari da na shigo, tun daga ƙofa na hango su. Ganyen ya yi kamar an bi shi da wuta. Layi huɗu. Kafin kowa ya iso na ɗauko kwalbar na tura ta ƙarƙashin tulin taki.

Oga ya zo ya bi layukan yana dubawa. Can ya ce, "Me ka fesa?"

Na ce, "Na ƙwari, ranka ya daɗe. Wataƙila jabu aka kawo mana, ko an zuba wani a kwalbar wani."

Isuhu ya dube ni ya ce, "Baba Sale, wace kwalba ka ɗauka? Nuna mini."

Na ce, "Na jefar a kogi. Yau na fara feshi ne da za ka tsare ni da tambaya?"

Ya ƙyale ni, don na girme shi. Oga ya ce tunda Isuhu ne ya karɓi kayan ya sa hannu, shi zai amsa. Ya rubuta masa takardar tuhuma, ya ce bayan hutun sabuwar shekara ya kawo amsa, rahoto kuma zai wuce sama. A aikinmu irin wannan takarda tana iya raba mutum da sito, wani lokaci har da aikin. Ina tsaye Isuhu ya ninke ta ya sa a aljihu.

Da hantsi kuma sai ga Malam Audu, wani dattijo daga Ɗankaza, ya ɗauko a-kori-kura zai kwashi nasa da na maƙwabtansa. Ya tsuguna ya taɓa ganye ɗaya ya murtsuke a hannunsa. Ya ce, "Heluma, ramukan fa?" Na nuna masa sauran layukan da suka ƙone. Ya ce, "To, Allah ya mayar da alheri," ya hau mota ya koma haka nan. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Kwana biyun nan ban ci abin kirki ba. Ina tafe ina zagin kaina, jahili, maƙaryaci, tsohon banza. In na zo salla ban san raka'a nawa na yi ba.

Ni da ma ina da wata al'ada. Duk ranar ɗaya ga Muharram sai na ɗauki manyan alkawura. Bana zan daina goro. Bana ba zan ƙara yi wa kowa tsawa ba. Sau biyu na rantse zan koyi boko cikin wata uku, na shiga ajin yaƙi da jahilci, in na ga mako biyu ban iya ba sai in ce ƙwaƙwalwata ta mutu, in daina zuwa. Kafin a ci cika-ciki yawanci duk na karya su, sai in shafe sauran shekara ina jin haushin kaina.

Ranar hutun ina zaune a tsakar gida bayan azahar, tuwo a rufe a gabana tun safe. Maiɗakina Hauwa tana tsince wake. Ta ce, "Malam, bana ba a rantse mana ba? Goron ya huta ke nan."

Ban yi dariya ba. Na kwashe komai na gaya mata, har kwalbar da ke cikin taki. Na ce gobe zan aika a ce na ajiye aiki, ba zan iya haɗa ido da kowa ba.

Ta ce, "In ka ajiye, takardar Isuhu za ta yage kanta?"

Na ture kwanon tuwon gefe.

Ta ce, "Bara da Tanko ya ƙona muku injin ban ruwa, kai ka zo kana ba ni labari. Ka ce ka same shi yana kuka, ka ce masa ya tashi ya wanke fuska ya ci abinci, gobe a kira makanike. Shi mutum ne, kai dutse? Kwana uku kana zagin kanka, ganye nawa ya tsiro?"

Na ce, "Tanko bai yi ƙarya ba."

Ta ce, "To ita ce ta rage maka ka gyara. Mangwaro ya riga ya ƙone. Ci tuwon nan, ba a zuwa gaban mutane da yunwa."

Na ci. Ban ji ɗanɗanonsa ba, amma na ci. Bayan la'asar na hau keke na biya gandu, na tono kwalbar, na wuce gidan oga. Ya fito muka gaisa, muka yi wa juna barka da sabuwar shekara. Na miƙa masa. Ya juya ta ya karanta ya ce, "Wannan ai na ciyawa ne, ga shi a rubuce ƙato."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na karanta boko. Ban taɓa iyawa ba. Murfi nake bi. Isuhu ba shi da laifi."

Ransa ya ɓaci, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Malam Sale, rashin karatun bai dame ni ba. Ba wanda ya kai ka iya auren mangwaro a gandun nan, da karatu ka koya? Abin da ya ƙona mini rai, ka tsaya kana kallo na miƙa wa bawan Allah takarda."

Na ce haka ne. Nan na fara halina. Na ce wallahi bana zan koyi boko cikin wata uku, ba zan ƙara kuskure ba har in mutu, a cire albashina.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Bar rantsuwa. Wanda ba zai ƙara kuskure ba yana makabarta. Gaya mini abu ɗaya da za ka iya yi gobe da safe. Ɗaya kawai."

Na ce, "Ina rubuta ajami. In an karanta mini kwalba, zan iya rubuta mata suna da hannuna."

Ya ce, "Kana da rubutu a hannunka shekara da shekaru kake kiran kanka jahili?" Ya ce gargaɗi a rubuce ba makawa, zai shiga fayil ɗina, kuma ni zan je Ɗankaza da Lajawa in yi wa mutane bayani. Helumanci kuwa, in na faɗi gaskiya da bakina a gaban leburori, in ci gaba da riƙewa. In na kasa, in ajiye.

A hanyar komawa na yi niyyar shekarata, ba rantsuwa a ciki. Abin da ban sani ba zan tambaya. In na yi ɓarna zan faɗa a ranar, in ci abinci, in gyara abin da zai gyaru. Wannan kaɗai na ɗauka, kuma ita kaɗai ce niyyar da ta taɓa kai mini ƙarshen shekara. Goro har yau ina ci. Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani za ku ƙona wani abu wata rana. Kunyar tambaya ce ta ƙone layi huɗu, kunyar amsa laifi kuma ta kusa cinye aikin mutumin da bai yi komai ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Da aka taru rabon aiki na ɗaga kwalbar na faɗa musu duka. Na juya na ce, "Isuhu, ka yafe mini." Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa wa oga, sannan ya ce, "Ya wuce, Baba. Amma da ka tambaya." Na ce ya buɗe sito. Ya riƙa ɗauko kwalba yana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina tsoma tsinke a fenti ina rubutawa a jikinta, ƙwari, ciyawa, taki. Da muka gama na ɗauki wuƙar aure na shiga layi na farko. Na kankare bawon ɗaya daga ƙasa, bushe. Na biyu, bushe. Na bakwai na ga kore, yana da sauran rai. Na ware shi gefe, na ce wa Tanko ya kawo ruwa, na matsa na gaba.