Dutsena da Turken Yaya Binta

Ran wata Asabar, a daminar da aka haƙa sabuwar rijiya a ƙauyenmu na ƙasar Roni, ina da shekara tara, Baba ya kai ni gona da hantsi. Ya tsaya ta gabas, ya ƙirga mini layi bakwai na gyaɗa, ya aza farin dutse a bakinsu, ya ce, "Hajara, nan naki ne." Layukan dogaye ne, ga wani ƙaton suri a tsakiya, ga gero ya rufe dama da hagu, ba ka hango ƙarshensu. Kullum da na gama ɗiban ruwa da sharar turken awaki sai in ruga in yi ciyawa, ina ƙirga ganye kamar 'ya'yana.

Da gyaɗa ta fara ƙosawa, nakan tuge gindi ɗaya ta bakin dutsena in ɗanɗana, sai kuma na riƙa tarar da ramuka a bayan surin, an tuge gindi biyu, an tuge uku. Na zargi ɓera, na zargi makiyaya, har maƙwabcinmu mai gaishe ni da fara'a na daina yarda da shi. Daga baya na ɗebo toka a murhun Inna na barbaɗa tsakanin layuka. Washegari na ga sawu, babban yatsa a karkace. Ƙafar nan na san ta, tabarma ɗaya muke kwana. Yaya Binta ce, wadda nake bi.

Ban tambaye ta ba. Kwana huɗu ina shinshina hannunta, ina laluben bakin zanenta, ita ma tana harara ta, ban san dalili ba. Ran na biyar, a bakin rijiya, gaban mata da yara, na ce mata ɓarauniya. Ta ajiye guga ta ce, "Ni? Ke da kike yashe mini gyaɗa ta gabas?"

Da maganar ta kai kunnen Baba, sai ya dafe kai. Ashe ita ma ya kai ta, amma ta yamma, ya ƙirga layi bakwai, ya kafa mata turke. Layukan nan dai su ne. Shi a ransa gyaɗa ɗaya ya ba mu mu biyu, ya ɗauka mun gane. Amma sunan ɓarauniya ya riga ya bi ta, yara suna rera shi a dandali. Har ta yi aure a Babura, har ta koma ga Allah, ba ta ƙara cin gyaɗa daga hannuna ba. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ke cewa, "Shirya in kai ki ki roƙe ta." Ina ta cewa sai bayan kaka. Bara shi ma ya tafi, ya bar ni da kukan mutum biyu.

Jikata Rukayya, mai rubuta wannan, tana karatun kwamfuta a Kazaure. Jiya na ji tana tsaki. Wai ta kwafi jerin lambobi, ta goge ɗaya a kwafin, sai ta ga na asalin ma ya ɓace. Wai ashe ba sabon jeri ta yi ba, suna na biyu kawai ta ba tsohon. Sai an buɗe sabon wuri an kwashe lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin su rabu. Na ce, "Ja'ira, aikin Babana kika yi." Ita ta gyara nata kafin shayi ya huce.

Yanzu ta ce ta ajiye mini wannan labari wuri biyu a cikin na'urar. Ban yarda ba. Na sa ta rubuta shi da biro a takarda, a kai wa 'ya'yan Yaya Binta a Babura, su san uwarsu ba ta taɓa satar komai ba.