Jinin Da Na Bari Ya Lalace

Edita, a ƙarshen shekarun 1970 ni malamin asibiti ne a wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke ƙasar Bukkuyum. Ni kaɗai ne ma'aikaci. Ni ke allura, ni ke wanke gyambo, kuma Fulani da manoma duk suna ganin girmana. Wannan girman ne na ji tsoron rasawa, har na aikata abin da nake son faɗa yau.

Ina da aboki ɗan Anka da muka yi firamare tare. Shi ya yi nisa a karatu, ya zama likita mai binciken ciwon daji a wata jami'a. Wata rana ya zo mini da mota, ya ce ya lura mazan yankinmu na mutuwa da kumburin ciki tun ba su tsufa ba, kuma yana zargin dajin hanta ne. Yana son ya gano ko gyaɗar da ta yi funfuna a rumbu ce ke ɓata ƙwayoyin halittar hanta. Ya roƙe ni in riƙa ɗibar jinin masu wannan ciwo idan sun yarda, in adana a firij mai aiki da kananzir da ya kawo. Na amince. Shekara biyu ina yi, daga Gwashi har rugagen bakin gulbi, shi kuma yana zuwa jefi-jefi ya duba.

Sai wani makiyayi da na ɗebi jininsa ya rasu. Ciwon ya riga ya ci shi, amma magana ta bazu cewa muna sayar wa Turawa jinin mutane. Mata suka daina zuwa awon ciki. A masallaci in na shiga sahu, na kusa da ni sai ya matsa. Da dagaci ya kira ni gaban jama'a, maimakon in yi bayanin da na sani sarai, sai na ce tilasta ni aka yi, ban san abin da likitan ke yi da jinin ba. Ina komawa bayan la'asar na kashe lagwanin firijin, na rufe ɗakin.

Bayan mako uku ya iso. Ya buɗe firijin, wari ya buge mu. Ya daɗe yana ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana karanta rubutun hannuna a jikinsu. Na ce kananzir ne ya ƙare. Ya dubi garwar kananzir da ke cike a kusurwa, ya dube ni, ya ce, “Da ka gaya mini kana jin tsoro, ai da na zo mun tsaya gaban dagaci tare.” Sai ya shiga mota ya tafi.

Ƙaryar ba ta dawo mini da mutane ba. Sun ce wanda ya ci amanar abokinsa ba abin yarda ba ne. Na yi shekaru ina cin tuwo ni kaɗai a barandar asibitin, har aka mayar da ni Gummi.

Shi kuwa ya sake aikin daga farko a wata jiha. A tsakiyar shekarun 1980 na ji shi a rediyo, ana cewa masana a ƙasashen waje na kafa hujja da rubuce-rubucensa, ɗalibansa kuma sun zama malamai. A waccan jihar aka fara koya wa manoma busar da gyaɗa da zubar da mai funfuna. A lokacin yayana na kwance a ɗakin Inna, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. Ban ce da an yi aikin a wajenmu zai rayu ba, Allah ne masani. Amma na san ni na kori aikin. Na rubuta wa abokina wasiƙa sau da yawa ina yagawa, har labarin rasuwarsa ya same ni.

Na koyi cewa bayani na minti goma da na kasa yi ya jawo mini nadamar da ba ta ƙarewa. Duk wanda aka damƙa wa amanar ilimi, in jama'a sun tsorata, ya daure ya tsaya ya fahimtar da su. In kuma ka cuci wani, ka nemi gafararsa tun yana iya amsa maka. Ni yanzu sai dai in yi masa addu'a.