Lurun Amarawa a Ɗakin Taronmu

A shekarar da aka kawo nunin kayan saƙa Illela, ina koyar da zane a wata sakandare da ke gefen hanyar Ƙwanni. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce gidajen adana kayan tarihi biyu, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Nijar, sun haɗa kayansu suna kai su gari gari, kuma sun nemi aron ɗakin taronmu na kwana uku. Tunda ni ne malamin zane, ni ya ɗora wa hidimar.

Kayan sun gama zagayen Nijar, a wurinmu za a miƙa su ga mutanen Sakkwato. Hajiyar da ke kula da kayan Sakkwato ta riga su isowa da kwana ɗaya. Gajera ce, mai saurin magana, da igiyar awo a jakarta. Ta auna bango, ta sa muka toshe tagogin yamma da kwali don rana tana cin launin zare, ta hana a buga ƙusa, sai gora muka ɗaura.

Takwaranta na Nijar ya iso da hantsi a gaban motar kaya, bayan ya sha zama a duwan, wato wurin 'yan kwastan na bakin iyaka. Dattijo ne dogo, mai sanyin hali, ni kuwa Mushe yake kirana, wato Malam da Faransanci. Shekara guda suna aiki tare ta waya ba su taɓa haɗuwa ba. Suka gaisa kamar 'yan uwa, nan take suka sa farar safar hannu.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ba a buɗe akwati sai dukansu suna tsaye. Takardarsa da Faransanci take, tata da Turanci, sai suka haɗu a Hausa. Ya ce, “Nan akwai cin asu.” Ta duƙa ta duba, ta ce ta gani, sannan kowa ya sa hannu. Haka suka bi kowane zane da kowane luru, wato bargon auduga saƙar hannu, har la'asar.

Rana ta biyu ta faɗo ranar kasuwa, ɗakin ya cika. Wata tsohuwa daga Amarawa, da ta kawo kuka da daddawa, ta biyo maƙwabtanta ta shigo. Ta tsaya gaban wani luru mai fari da baƙi ta ƙi gaba. Da na ga ta miƙa hannu, na yi sauri na ce, “Inna, ba a taɓawa.”

Ta juyo ta dube ni. “Mi? Ni za ka hana ma taɓa saƙar babana?”

Ta nuna katin da ke ƙasa ta ce in karanta mata. An rubuta cewa a wata kasuwar ƙauye ta ƙasar Tawa a Nijar aka samo shi, kuma ba a san masaƙin ba.

“Ku ne ba ku san shi ba,” in ji ta. “Ni da innata mun ka kaɗa zaren ga. Ku dubi bakinai na bisa, akwai jan zare ukku, biyu kusa, guda nesa. Haka shika yi ma duk saƙatai.”

Bakin na sama yana naɗe a jikin gora, babu yadda za a yi ta gan shi. Na kira Hajiya da dattijon. Suka sauke lurun tare suka shimfiɗa a tebur, sai ga jan zaren, biyu kusa, ɗaya nesa. Dattijon ya duba takardarsa ya ce an rubuta su tun da daɗewa, amma an ɗauka gyara ne.

Nan suka saɓa. Hajiya ta ce a cire katin yanzu a rubuta sabo. Dattijon ya ce shi ba zai iya ba. Lurun na gidansu ne, marigayi maigidansa da ya koya masa aiki shi ya rubuta bayanin, kuma ba a canja shi sai an zauna.

“Malam, ga ɗiyar mai shi tsaye gabanka,” in ji Hajiya.

“Na gan ta, Hajiya, kuma na yarda da ita. Amma ba ni kaɗai ba ne.”

Ya fita waje ya yi waya mai tsawo. Da ya dawo suka daidaita: tsohon kati zai zauna, a ƙara na biyu a gefensa da maganar tsohuwar da sunan mahaifinta. Ni na rubuta, da boko da ajami. Sannan da kansa ya ɗebo ruwa a buta ya zuba mata ta wanke hannu, ya ce, “Inna, taɓa abinki.”

Ta shafa shi a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Ta ce a wata shekarar yunwa mahaifinta ya tsallaka iyaka da shi ya dawo da gero. Na zaci za ta ce a ba ta, har na fara tausayin dattijon. Ba ta ce ba. Ta tambaya kawai ina za a kai shi, da aka ce Sakkwato ta ce, “To, shi babana bai taɓa zuwa Sakkwato ba.”

Washegari ta dawo da ƙaninta da wasu tsofaffin Amarawa. Dattijon ya zauna da su a tabarma yana ɗaukar maganarsu a waya, Hajiya tana rubutu. Da yamma aka naɗe kaya, mota ta yi kudu da Hajiya, shi kuma na kai shi bakin iyaka a babur ɗina.

Bayan wata biyu Hajiya ta turo mini hoton lurun a bangon Sakkwato da katunansa biyu. Ranar Juma'a na je Amarawa na nuna wa tsohuwar. Ta sa na karanta sunan mahaifinta sau biyu, sannan ta aika a kira ƙaninta daga gona, ta ce kada in tashi sai ya zo.