Kafiretar da Hamma Bai Ji Ƙarshenta Ba

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana Usmanu, wanda mu ƙannensa muke kira Hamma, kamar yadda ake kiran wa a gidajen Fulanin Jalingo. 'Ya'yansa suka ce in rubuta wani abu a kan halinsa, tunda ni na fi kowa zama da shi. Na daɗe ina juya zancen a raina. Duk ta inda na ɗauko shi, sai in ga na koma kan motarsa, da watannin ƙarshe da muka yi muna fama da ita.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, fara, wadda ta riga ta sha duniya kafin ta zo hannunsa. Da ita yake ɗauko doya daga ƙauyukan Yorro ya kawo kasuwar Jalingo. A shekarun nan ba a daɗe da ba mu jiha ba, gari ya cika da ma'aikata daga ko'ina, doya kuwa ba ta kwana. Wannan mota ita ce ke ciyar da gidansa a Yelwa, da matarsa Adda Hauwa, da yara huɗu, da mahaifiyarmu. Ni tela ne. Na iya tuƙi, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ban san kansa ba.

Yaran yanzu ba su san kafireta ba, don haka bari in ɗan faɗa. Wani ƙarfe ne kamar ƙaramar tukunya da ke zaune a kan injin. A cikinta mai da iska suke haɗuwa kafin injin ya sha. In mai ya yi yawa mota ta riƙa baƙin hayaƙi, in ya yi kaɗan ta rasa ƙarfi. Ta motar Hamma ta tsufa, tana yoyo, tana shan mai kamar rairayi, ga shi lokacin wahalar mai ne, sai mutum ya wuni a layi bai samu ba. Irin wadda aka ƙera motar da ita ta ɓace a kasuwa. Sai ya sayo sabuwa dal a kwali, irin wadda ake ce wa 'yar Taiwan, mai shagon ya rantse masa duk ɗaya ne.

Wanda ya ɗaura ta shi ne Oga Yohanna, bakanike ɗan Mumuye mai gareji a Sintali, abokin Hamma tun suna yara. Ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar ma yana ɗaurawa yana cewa, "Kai Fulani, saniya ka sani. Mota ba na ka ba ne." Hamma ya ce, "Saniyata dai ba ta taɓa kwana a garejin kowa ba." Kafiretar ba ta zauna daidai ba tun farko. Wayar totur ba ta kai ba, sai da aka lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe ta. Gaskit ɗin da ya zo da ita, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakaninta da inji, bai dace da bakin injin ba, Yohanna ya yanka wani da kwali. Amma da aka murza makulli ta tashi nan take, tana wani sauti mai laushi da ban taɓa ji daga motar nan ba. Muka koma gida muna murna.

A cikin gari ba ta da laifi. Sai ranar da aka cika ta da doya, a hanyar dawowa daga Pantisawa, inda akwai wani tudu mai tsawo. Tana kai rabinsa ta fara tari, ta yi ƙara ta baki kamar an harba bindigar toka, ta mutu. Aka sa dutse a taya, aka sauke rabin kaya, sannan ta hau da kyar. Sati na gaba ma haka. Masu doya suka fara neman wata mota, don ba wanda ke son a zube masa kaya a rana a gefen hanya.

A daidai wannan lokaci ne jikin Hamma ya fara ƙi. Ciwon ciki ne da rama. Wani likita ya ce taifot, wani ya ce olsa, wata tsohuwa a unguwarmu ta ce shawara ce ta ɓuya, wasu kuma suka fara raɗe-raɗin sammu. Kowa da maganinsa, kuma duk mun gwada. Shi bai cika zancen ciwon ba. Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya ce, "Buba, in na kwanta kai za ka riƙa jan motar nan. Ba na son Hauwa ta miƙa wa kowa hannu. Amma sai mun gyara ta tukuna, ba zan bar maka gawa ba." Na rufe shagona na koma yaron mota da gemuna.

Daga nan muka shiga abin da har yau in na tuna kaina ke juyawa. Yohanna ya ce famfon mai ne ya gaji, aka canza, ba ta daina ba. Ya ce iska ke shiga ta gefen gaskit, aka yanka sabo aka shafe da gam, ba ta daina ba. Wani bakanike a Abbare ya ce ba ruwan kafireta, wuta ce ba ta zuwa a kan lokaci, ya juya abin da zai juya, muka dawo da ita ta fi da lalacewa. Direbobin tasha suka ce man 'yan bumburutu ne, don a lokacin kusan kowa a galan yake saye, kuma ana gauraya shi da kananzir. Muka wanke tanki. Muka rataya jarka a saman mota muka jawo tiyo kai tsaye, don mu ga ko hanyar mai ce ta toshe. Na mayar da kafiretar wurin mai shago, ya ce abin da aka riga aka ɗaura ba ya dawowa. Rashin sani ya fi dare duhu, mu kuwa mu uku muna lalube, kowa yana cewa ga ƙofa nan.

Da ƙafa ta gagare shi, sai aka riƙa shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, motar tana ƙofar gida. Duk abin da muka yi sai in zo in ba shi labari, shi kuma ya yi tambaya. Ya sa na kwance fulogi na kawo masa. Ya juya shi a hannu, ya ga bakinsa fari fat kamar an wanke da toka. Ya ce, "Wannan yunwa ce. Mai ba ya isar ta." Yohanna ya ce, "Yunwa daga ina, Usmanu? Kafireta na buɗe shi sau nawa, na wanke, na hura. Ko'ina a buɗe yake." Hamma ya ce shi ma abin da ya kasa ganewa ke nan. Ya san ciwon, bai san inda yake ba.

Akwai safiyar da ba na mantawa. Jikin ya yi nauyi ƙwarai, an mayar da shi ɗaki. Adda Hauwa ta same ni a waje ta ce, "Buba, tayar da ita ya ji, ko hankalinsa ya kwanta." Na tayar. Ta yi ta bugawa a hankali, sumul, ba tari ba gargada. Na bar ta ta jima, sannan na shiga. Idonsa a rufe, amma yana saurare. Ya ce, "A tsaye kowa lafiyayye ne. Ku ɗora mata kaya." Bai sake zancen motar da ni ba. Cikin makon nan Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in na ga yadda ake gyaran mota sai in riƙa tunanin abin da zai ce. Yaro zai zo da wata 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto masa inda ciwo yake, bai shafa baƙin mai a hannu ba. Anya Hamma zai yarda da abin da ba kunne ne ya ji ba? Ina jin da farko zai yi musu, daga baya ya fi kowa son a soka wa tasa. Haka asibiti ma, yanzu ana haska cikin mutum a ga komai. Nakan tambayi kaina ko da yau ne, da an gane abin da ke cinsa. Ban sani ba. Na ga waɗanda aka haska aka faɗa musu sunan ciwonsu, kuma suka tafi. Sai dai su iyalansu sun san abin da za su ce in an tambaye su. Mu har yau in jikokinsa suka ce me ya kashe Kaka, sai mu ce ajali.

Bayan an share makoki Yohanna ya zo da kansa, ya ce mu sake buɗe ta. Muka kwance kafiretar a kan buhu a ƙofar gida. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda, wanda mai ke bi in an taka totur. Cikin hudar akwai wani siririn zaren waya, kamar gashi. Na sha ganinsa. Duk wankin da aka yi, Yohanna yakan zaro shi ya goge ya mayar, ni kuma na ɗauka haka aka ƙero ta. Ranar sai ya suɓuce masa ya faɗa cikin yashi. Muka duba, muka tankaɗe, ba mu gan shi ba. Ya ce, "Bar shi, Tela. In mun je gareji zan sa wani." Na ce ashe ana samunsa a gareji? Ya ce ai shi ya sa shi, daga tsohuwar wayar wuta yake tsinkowa.

Sai a lokacin ya yi mini bayani. A shekarun wahalar mai, duk kafiretar da ta bi ta hannun bakaniken garin nan sai an zura mata wannan zare, don a rage hudar mota ta rage sha. Direbobi da kansu suke roƙo. Tsohuwar kafiretar Hamma ma tana da shi, kuma Hamma da kansa ya ce a sa. To tsofaffin, hudarsu ta riga ta buɗe da tsufa, zaren ba ya cutar da su. Wannan kuwa sabuwa ce, wataƙila ma tun daga inda aka ƙero ta hudarta a matse take. Yohanna bai ɓoye ba, bai kuma manta ba. Bai dai lissafa shi cikin abin da aka yi wa motar ba ne, kamar yadda mace ba ta lissafa gishiri in tana faɗin abin da ta sa a miya. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Ni ba zan ce masa wawa ba, don alheri ya nufa da abokinsa, kuma da an tambayi Hamma ranar ɗaurawa, ina jin da shi zai fara cewa kada a manta da zaren.

Muka rufe ta haka, ba zare. Washegari kuma sai ga mai ya zo wani gidan mai, muka bi layi muka samu mai tsabta, karo na farko cikin watanni. Muka tafi Pantisawa, wani dillali da ya san Hamma ya tausaya ya ba mu lodi. Da muka iso gindin tudun na sa giya ina jiran tarin. Ba ta yi ba. Ta hau da kayanta cif, ba ta ko numfasa ba. A saman tudun Yohanna ya ce in tsaya. Ya fita ya zauna a kan dutse ya juya mini baya, ya daɗe. Da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, "Mai ɗin ne. Mai mai kyau ne muka samu."

Har ya bar duniya bai canza wannan magana ba, ni kuma ban taɓa ja da shi ba. Ya kuma ƙi sake zura zaren, ban tambaye shi dalili ba. To wanne ne? Zaren ne ko man? Ko duka biyun, ko wani abu cikin abubuwan da muka yi ta canzawa wanda sai ranar ya zauna? Abu biyu muka sauya a tare, don haka ba mai iya rantsuwa. Da za mu mayar da zaren mu sake gwada tudun, da mun sani. Ba wanda ya kawo shawarar a cikinmu.

Da muka iso Yelwa da yamma na tsaya a ƙofar gida, doya har saman kanta. Adda Hauwa tana cikin takaba, ta leƙo ta bakin zaure. Ta dubi kayan, ta dube ni. Ta ce, "Ba ku sauke a hanya ba?" Na ce ba mu sauke ba, Adda. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Da ya ji." Ta koma ciki.

Motar ta yi mana aiki shekaru masu yawa bayan haka. Da ita yaran suka yi karatu, da ita aka aurar da matan, kuma Adda Hauwa ba ta miƙa wa kowa hannu ba har ta bi mijinta. Daga baya ƙarfen ya gaji, 'yan gwangwan suka yanka ta suka tafi da ita. In na auna abin da ya rage na Hamma, ba gida ba ne, ba mota ba ce. Mutum ne da yake kwance yana jin mutuwa na matsowa, bai tambayi sunan ciwonsa ba, yana tambayar kalar fulogi saboda abincin 'ya'yansa. Abin da ya nema ya samu, amma ya tafi yana zaton bai samu ba, kuma wannan ne abin da na kasa sanin inda zan ajiye a zuciyata duk tsawon shekarun nan. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa, Ya sanar da shi abin da mu ba mu samu damar gaya masa ba: ta hau tudun, Hamma, da kayanta duka.