Fashin Salla na Sati Uku

Wata bakwai na yi a birnin Budafes, can ƙasar Turawa, ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba, sai dai ta waya. Wayar ma, in na kira Inna a ƙauyenmu na bayan Bunkure, rabin maganar ƙarar injin ban-ruwa ke cinyewa, sauran kuma sabis ya ɗauke. Karatun aikin gona ya kai ni, ni da na tashi ina dashen shinkafa a bakin kanal. A gida ba ka taku goma ba a ce maka sannu ba. A can kuwa sai in yini ban buɗe baki ba, har na fara yi wa tukunya faɗa in ta ƙi tafasa.

Wata rana ina layi a shagon wani mahauci Baturke, sai na ji an ce a bayana, "Wannan ai duk ƙashi ne, wallahi mutanen nan sun raina mu." Na juya. Wata dattijuwa ce sa'ar Inna, waya a kunne. Na ce, "Hajiya, ina wuni?" Kawai sai kuka ya ƙwace mini a gaban kajin mutane. Ta kashe wayar, ta rungume ni. "Ikon Allah! 'Yar nan daga ina?" Bakanuwa ce, aikin maigidanta ya kawo su. Ta ce duk Asabar mata biyar ke haɗuwa a gidanta a tuƙa tuwo, kada in kuskura in ƙi zuwa.

Akwai abin da ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba: mu Kiristoci ne. Kakana Bamaguje ne, Baba ne ya shiga coci. Sunana na ranar haihuwa ne, ba ya nuna komai, ɗankwali kuwa kowace mace a garinmu na ɗaurawa. A gida wannan ba abin ɓoyo ba ne. Malamin da gonarsa ke jikin tamu, shi da Baba suke karɓa-karɓar ruwa, kuma shi ake kira ya yanka mana kajin Kirsimeti don kowa ya ci.

Asabar ta farko na ci tuwo da miyar kuka har na kasa tashi. Amma ba tuwon ne ya fi yi mini daɗi ba. Surutun ne. Ana katse juna, ana shewa, ana tsokanata wai mu mutanen Kura da Bunkure ko a makabarta sai mun shuka tumatir. Na rama, aka kwashe da dariya. Da La'asar ta yi suka tashi alwala. Ɗaya ta ce, "Ke ba za ki yi ba?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Ku ƙyale ta mana, fashi take yi." Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Na bar su a haka, suka tayar da salla.

Asabar ta biyu aka ce, "Har yanzu?" Na ce, "Har yanzu." Wannan karon da bakina na yi ƙaryar, ba wanda ya sa ni. Ina zaune a kujera suna salla a gabana, ina jin ƙyamar kaina kamar na taka kashin kaza da ƙafa ba takalmi. Amma na san ɗakin da zan koma, da shirun da ke jirana a ciki.

A ta uku Hajiya ta ja ni kicin. Fuskarta duk damuwa. Ta ce, "'Yata, abin nan ya wuce sati biyu, ba lafiya ba ce. Litinin zan kai ki asibiti da kaina. Kada ki ji kunyata, ni uwa ce." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Hajiya, lafiyata ƙalau. Ni Kirista ce."

Ta tsaya da muciya a hannu, tana kallona kamar yau ta fara ganina. Can ta ce, "Ikon Allah. Amma kin iya Hausa kamar jakin Kano! A ina kika koya?"

Na ce, "A bayan Innata."

"A'a, asalinku nake nufi. 'Yan ina ne?"

Kai! Ni da kakata ta mutu ba ta san kalma ɗaya da ba Hausa ba. Ni ake yaba wa don na iya Hausa. Na ce, "Bunkure." Ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma ba ya son musu.

Ba su kore ni ba, kada in yi musu ƙarya, na riga na yi musu isasshiya. Har tuwo aka zuba mini a roba na tafi da shi. Duk satin ina rantsuwa ba zan sake taka gidan ba. Asabar na yi, sai ga ni a jirgin ƙasa, na ci kwalliya, ba kunya.

Hajiya ta buɗe ƙofa da fara'arta. Ta yi mini maraba da Turanci, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa baƙon kirki. Na shiga falo, hira ta tsaya. Sai suka dawo da ita cikin Turanci, wai don a girmama ni. Ba tsokana, ba shewa. In biyu suna da magana sai su shige kicin su yi ta da Hausa ƙasa-ƙasa.

Hajiya ta tambaye ni karatu, da Turanci. Hausa na cike da bakina. Tir da ni, da Turancin na amsa mata. Daga nan na ɗauki kwanon tuwona na koma kujerar da ta fi kusa da ƙofar kicin, na kasa kunne.